Buɗaɗɗiyar Manhaja da Lissafin Lafiya a Ƙasar Daura

Duk ƙarshen wata, ma'aikatan ɗakunan shan magani a ƙananan hukumomi biyar na masarautar Daura, wato Daura da Baure da Zango da Sandamu da Mai'aduwa, sukan tattara abin da ke cikin rajistocinsu: yara nawa aka yi wa rigakafi, mata nawa suka zo awon ciki, mutum nawa zazzaɓin cizon sauro ya kwantar. Takardar takan isa hannun jami'in ƙididdiga na ƙaramar hukuma, shi kuma ya shigar da alƙaluman cikin DHIS2, manhajar da Najeriya ta mayar rumbun bayanan lafiyarta.

DHIS2 buɗaɗɗiyar manhaja ce: rubutun umarnin da aka gina ta da shi yana fili, kowa na da ikon ya karanta, ya gyara, ya raba, ba tare da biyan kuɗin lasisi ba. Jami'ar Oslo ta Norway ke jagorantar ci gabanta, amma tushen aikin yana Afirka ta Kudu bayan faɗuwar mulkin wariyar launin fata a 1994, kuma a jihar Kerala ta Indiya aka fara amfani da zubin DHIS2 ɗin kansa a 2006.

Masu yabon irin wannan manhaja sun fi kafa hujja da arha, kuma hujjar tana da ƙarfi. Shirin da masu ba da tallafi suka kawo yana da ranar ƙarewa. In manhajarsa ta haya ce, ran da kuɗi suka yanke sai ƙofa ta rufe da bayanai a ciki. Sai dai ni a ganina, abin da ya fi danganta buɗaɗɗiyar manhaja da muradun ci gaba mai ɗorewa da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2015 shi ne ikon gyara. Yaƙi da shan inna ya nuna haka. ODK, wata buɗaɗɗiyar manhajar tattara bayanai wadda ta fito daga Jami'ar Washington a 2008, an yi ta sake tsara fom-fom ɗinta don masu sa ido kan rigakafi su cika a waya ko babu intanet, har aka kai ga tabbatar da kawar da ƙwayar cutar ta daji daga Afirka a watan Agustan 2020.

Ƙasar Daura tana da buƙatun da sai ɗan gida zai lura da su. Kasuwar Mai'aduwa da mashigar Kwangwalam suna haɗa dangi ɗaya da iyakar Najeriya da Nijar ta raba, makiyaya kuma suna ƙetarawa da iyalansu gwargwadon damina da rani. Yaron da aka yi wa allura a Matamaye ta Nijar yana iya fitowa a lissafin wannan ɓangaren a matsayin wanda ya tsere wa rigakafi. Tun da Nijar ma DHIS2 take amfani da ita, wahalar fasaha ta ragu matuƙa. Saura yarjejeniyar hukumomi, da mutanen da suka iya aikin.

A nan ne giɓin yake. Lasisi kyauta ne, amma lantarki da waya da albashin ƙwararre duk na kuɗi ne. Alƙaluma kuma sun fi hawa sama zuwa Katsina da Abuja fiye da saukowa ga wadda ta cika rajistar, balle dagacin da ke tara mata jama'a. Ikon gyara yana nan a rubuce, masu amfani da shi suna nesa.

Daura tana da inda za ta fara. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da aka kafa a garin a 2019 tana iya ɗora ɗaliban kwamfuta kan DHIS2 da ODK, tun da rubutunsu a buɗe yake, su gina shafi da Hausa wanda zai nuna wa ma'aikaciyar lafiya a Sandamu unguwannin da yaransu ba su dawo allura ta uku ba.