Jirgin Lakwal Da Anka Kai Yaƙi

 A wannan fitowa za mu kawo muku tarihin wani ƙaramin jirgin sama na soji, wanda duk mutumenmu da ya ci rani a Kano daga 1967 zuwa lokacin da anka daina aiki da shi ya sha jin kukanshi bisa Fagge da Kurna, ko da bai san sunanshi ba. Sunanshi L-29, ana yi mishi laƙabi da Delfin, sunan wata dabbar teku mai kama da kifi.

Bayan yaƙin Hitila, wanda ya ƙare a 1945, sojojin duniya sunka bar jirage masu farfela sunka koma ga masu injin jet. Sai wata wahala ta fito. Yaron da ya koyi tuƙi da jirgi mai tafiyar hawainiya, in an ɗora shi kan na yaƙi kai tsaye, jirgin ya fi ƙarfinshi, a yi hasarar yaro da jirgi baki ɗaya. Don haka anka shiga ƙera jiragen koyo. Masana'antar Aero ta ƙasar Cekoslobakiya ta yi nata, ya fara tashi ran 5 ga Afrilu 1959. A 1961 anka gwada shi da na Rasha da na Folan, shi ya ci, ya zama jirgin lakwal na kusan dukan ƙasashen da ke ƙawance da Rasha. Kafin a daina yin shi a 1974 an ƙera wajen 3,600.

Kujera biyu gare shi, ɗalibi gaba, malam baya, kowa da abin tuƙi a hannu. In ɗalibi ya kuskure, malam ya karɓe. An yi shi da haƙuri, kamar jakin da ake ɗora yaro a kai. Gyaranshi ba wuya, kuma yana iya sauka a filin da ba kwalta. Ƙarƙashin fukafukanshi akwai maratayi biyu, inda ake saƙala tankin mai ko ƴan bama-bamai don ɗalibi ya koyi jifa. Ku riƙe zancen maratayin nan.

Nijeriya ta kafa sojan sama a 1964, Jamusawa ke koya musu a Kaduna da ƙananan jirage masu farfela. Da yaƙin Biyafara ya tashi ran 6 ga Yuli 1967, gwamnatin Yakubu Gawon ba ta da jirgin yaƙi na ƙwarai, alhali mutanen Ojukwu sun samo wani tsohon jirgi ƙirar Amurka, B-26, har ya jefa bom a filin Makurɗi. Gawon ya nemi jirage wurin Ingila da Amurka, sunka hana. Sai ya juya gabas. A watan Agusta manyan jiragen Rasha sunka sauke MiG a Kano, L-29 kuma sunka fara isowa daga Cekoslobakiya. Ba a tsaya karatu ba: anka cika maratayin da bom da roka na gaske, anka tura su fagen fama. Da yake matuƙan ƙasar ba su da yawa, an yi haya da baƙi, Misirawa da Turawa.

A ganinmu, jirgin sama bai ci wannan yaƙi ba. Sojan ƙasa da yunwa sunka gama shi a Janairu 1970. Abin da ya zubo daga sama kuwa sau da yawa bisa kasuwanni da asibitoci ya faɗa, talakawa sunka mutu.

Kada wani ya ce wannan zancen Nijeriya ne, ina ruwanmu. Gyaɗarmu ta Maraɗi da Damagaram ta Kano take bi ta hau jirgin ƙasa zuwa Ikko, kuma hanyar Maraɗi, Jibiya, Katsina ita ce hanyar abincin gidaje da yawa a Buza da Madawa da Kaita. Shugaba Diori Hamani ya san haka. Ya tsaya bayan Gawon ko da yake Faransa ta karkata wajen Biyafara, kuma a Yamai anka yi zaman neman sulhu a Yulin 1968, Gawon ya zo, Ojukwu ya zo, ba a daidaita ba. Mu a lokacin rundunarmu ta sama, wadda anka kafa a 1961, jiragen ɗaukar kaya da mutane kawai gare ta, irin su Dakota da Broussard. Sai a 2013 Nijar ta sayi jet na yaƙi, Su-25.

Da ƙura ta kwanta, L-29 ya koma aikinshi na asali. Makarantar sojan sama ta Kano ta yi ta horar da matuƙa da shi, bayan sun gama matakin farko a Kaduna. Daga 1986 ƙanenshi L-39, ɗan masana'anta guda, ya iso Kano ya gaje shi. Shi ma jirgin lakwal ne mai maratayi, shi ma da rikicin Boko Haram ya yi tsanani anka ɗauke waɗansu daga makaranta anka kai su arewa maso gabas.