Kiɗa ba yankewa: daga dandali zuwa katin memori

Yau tarihin wani ɗan shiru za mu taɓa, wato shirun nan da ke shiga tsakanin waƙa da waƙa in muna saurare a salula. Da yawanmu mun ɗauka haka kiɗa yake tun fil azal. To ba haka ba ne.

A dandali ko gidan biki, makaɗi ba ya tsayawa don waƙa ta ƙare. Kalangu na tafiya, mawaƙi ya sauya amshi, 'yan amshi su cafke, kafin ka ankara an bar waƙar wane an shiga ta wane. Haka Mamman Shata ya yi ta yi har rasuwarsa a 1999, haka Haruna Uji da gurminsa, haka makaɗan fada irin su Ma'azu Ɗan Alalo na Damagaram. Gwaninta ma a wurin sauyin take. Wanda ya bar kiɗa ya mutu tsakanin waƙa biyu, 'yan rawa su watse, masu liƙi su mayar da hannu aljihu.

Na'ura ce ta kawo yanka. Faifan garmaho na farko bai ɗaukar fiye da minti 3 ko 4 a kowace fuska, dole mawaƙi ya dunƙule waƙar da ya saba ja tsawon dare. A 1948 kamfanin Columbia na Amurka ya fito da babban faifai mai cin sama da minti 20 a fuska ɗaya. Nan ne mawaƙan Turai da Amurka suka fara ɗinke waƙoƙinsu. Marvin Gaye ya yi haka a kundinsa What's Going On na 1971, Pink Floyd na Ingila suka yi a The Dark Side of the Moon na 1973, duniya ta yi ta yabo. Alhali abin da makaɗanmu ke yi ke nan tun kaka da kakanni, ba situdiyo, ba lantarki.

Sai kaset ya zo. Kamfanin Philips ya ƙirƙiro shi a 1963, daga baya ya cika kasuwanninmu, galibi ta hanyar Kano, ya ratso Babura ko Maigatari. Kaset mai lamba 60 na ba da minti 30 a kowace fuska, mai lamba 90 kuma minti 45. Wannan ya dace da kiɗanmu. A ajiye rakoda gaban makaɗa, a danna, ta kwashe komai: kirari, guɗa, shewa, har muryar sanƙira. Yankewa ɗaya ce tak, lokacin juya kaset. Manyanmu sun tuna yadda ake naɗe zare da biro don tattalin batir.

Faifan CD ya fito a 1982, ya raba waƙoƙi lamba lamba, kuma masu kwafa sun saba barin daƙiƙa 2 a tsakani. MP3 ya ƙara tsananta abin, domin shi da kansa yana saka ɗan shiru a farko da ƙarshen kowane fayil. Yanzu ga katin memori, ga Bluetooth, ga WhatsApp. Kowace waƙa na yawo ita kaɗai kamar marainiya, ba a san wadda ta gabace ta ba balle mai bi mata.

Ga inda damuwar take. Tsofaffin kasusuwan da ke cikin adakar iyayenmu zafi da ƙura na cin su. Masu juye su zuwa kwamfuta kuma sukan datsa su gunduwa gunduwa don sauƙin turawa, su zubar da tsakiyar. To a tsakiyar nan ne ake jin sunan mai biki, garin da aka yi wasa, da yadda makaɗi ya karya kiɗa ya shiga wani. Wanda ya yar da ita ya yar da tarihi.

Don haka roƙonmu biyu ne. Mai juye tsohon kaset ya ajiye kowace fuska fayil guda, cikakke, kafin ya yanka wa masu so. Ku kuma samarinmu masu shiga situdiyo a Damagaram ko Kano, in kuna son kundi mai tafiya ba tsayawa, ku jera waƙoƙin tun kafin ɗauka, ku daidaita saurin kiɗan waƙoƙin da ke maƙwabtaka, ku bar ganga ko amshi ya haye daga wannan zuwa waccan, a haɗa sautin duka a zama ɗaya, sannan a fitar da dogon fayil guda tare da gutsattsarin.

Wanda ke da tsohon kaset na makaɗan yankin nan, don Allah kar ya bari ya lalace. Allah ya jiƙan magabata, ya ba mu damina mai albarka.