3.2 Kayayyakin Yaƙin Neman Zaɓe a Matsayin Madogarar Tarihin Siyasar Ɗambatta

A ƙasashe irin su Amurka akwai mutanen da suka mayar da tara bajojin 'yan takara da katunan gayyatar bikin rantsar da shugaban ƙasa abin sha'awa, har ma da na kasuwanci. A ƙasar Ɗambatta abin bai ɗauki wannan salo ba. Abin da ya tsira na irin waɗannan kayayyaki, wato katin jam'iyya da bajo da kalanda da atamfa mai hoton ɗan takara, ya tsira ne a ƙasan adaka ko a jikin bangon zaure.

Muhimmancinsu ya samo asali ne daga yadda aka yi zaɓe a karkara. Galibin manoman wancan lokaci ba su yi karatun boko ba, don haka alama ita ce jam'iyya: fartanya ta NPC, tauraro na NEPU. A zaɓen 1959 akwatin kowane ɗan takara yana ɗauke da alamar jam'iyyarsa ne. A Jamhuriya ta Biyu kuwa aka sami mabuɗi na PRP, da gida da masara na NPN, jam'iyyar Alhaji Shehu Shagari wanda aka rantsar a Legas ranar 1 ga Oktoba, 1979. A 1993 doki ne alamar SDP.

Sai dai akwai matsala babba ga mai nazari. Duk da cewa Magaji Ɗambatta yana cikin waɗanda suka kafa NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950, riƙe katin wannan jam'iyya a ƙauye ba ƙaramar kasada ba ce a zamanin En'e. Talakan da aka san shi da ita yana iya fuskantar tsangwamar dagaci, ko ɗauri a kotun alƙali, ko dukan 'Yan Mahaukata. Mai irin wannan kati ɓoye shi yake yi, wani ma ya ƙona. Saboda haka ƙarancin kayan NEPU a gidaje ba hujja ba ce ta ƙarancin magoya bayanta, kuma duk wanda ya auna ƙarfin jam'iyyun da yawan abin da ya rage, to ya yi wa talakawa rashin adalci.

Sauran kuma amfanin yau da kullum ne ya cinye su. Atamfar siyasa ɗaura ta ake yi har ta koɗe ta koma tsumma, ga shi kuwa ita ce shaidar shigowar mata, waɗanda a Arewa ba su jefa ƙuri'ar zaɓen tarayya ba sai a 1979. Fasta kuwa, in ta kuɓuta daga gara da ruwan damina, a hannun mai tsire ko mai ƙosai take ƙarewa.

Gidan Mumbayya da ke Gwammaja, wanda yake ƙarƙashin Jami'ar Bayero, ya adana kayayyakin Malam Aminu Kano, wanda ya rasu ranar 17 ga Afrilu, 1983. Amma wannan taskar jagora ce. Ta mabiyansa na ƙauyuka tana hannun magada, waɗanda sau da yawa ba sa lissafa tsohuwar takarda cikin kayan gado.