Libarba Mai Babban Harsashi: Tarihin Ja-in-ja Tsakanin Ƙarfi da Nauyi

Darasinmu na wannan mako zai kai mu Amurka, inda maharba da makiyaya suka shafe fiye da shekara 170 suna gardama kan tambaya guda: wace libarba ce ta cancanci mutum ya rataya a ƙugu idan zai shiga daji? Libarba dai ita ce ƙaramar bindigar nan mai gangar harsashi da ke juyawa.

Gardamar ta samo asali ne a 1847, lokacin yaƙin Amurka da Meksiko. Kyaftin Samuel Walker na dakarun Texas ya nemi maƙerin bindiga Samuel Colt ya ƙera masa libarbar da za ta kayar da doki da mahayinsa. Aka samu Colt Walker, mai harsashi .44, nauyinta kusan kilo 2. Ƙarfi kam akwai shi, amma ƙugu ba ya ɗaukarta, sai dai a rataye ta a gaban sirdi. Ga shi kuma gangar wasu takan fashe saboda yawan albarushi. Guda 1,100 kawai aka ƙera, sannan Colt ya rage mata tsawo da albarushi.

A 1873 sojan Amurka ya karɓi Colt Single Action Army mai harsashi .45, wadda nauyinta bai wuce kilo 1 da 'yan kai ba. Ita ce ta zama abokiyar tafiyar makiyayan yammacin ƙasar. A 1892 hukuma ta sauya ta da mai harsashi .38, mai sauƙin riƙo. Kuskuren ya fito fili a kudancin Filifin, inda sojojin suka gwabza da mayaƙan Moro, Musulmin yankin. Sojoji suka riƙa kukan cewa ƙaramin harsashin ba ya tsayar da mutumin da ya taso musu da takobi. Dole aka sake fito da tsofaffin .45 daga ma'ajiya.

Daga nan sai labarin ya bar hannun soja ya koma na maharba. Elmer Keith, makiyayi kuma marubuci a jihar Idaho, ya daɗe yana cusa wa harsashi albarushi fiye da ƙa'ida, har wata Colt ta taɓa tarwatsewa a hannunsa. Bai daddara ba, ya koma kan .44 Special yana matsa wa kamfanoni lamba. A 1935 Smith & Wesson ya fitar da .357 Magnum, sannan a tsakiyar shekarun 1950 ya haɗa kai da Remington aka haifi .44 Magnum. Burin Keith shi ne bindigar da makiyayi zai wuni da ita a kan doki, ta kuma iya kashe babbar dabba idan ta kama.

Fim ɗin Dirty Harry na 1971 ya ɗaga sunan Model 29, mai cin wannan harsashi, har ta yi wuyar samu a shaguna. Da yawa daga masu sayen sun gano cewa shurin da take yi wa hannu ba irin na fim ba ne. Duk da haka tseren bai tsaya ba. A 1983 Freedom Arms ya kawo .454 Casull kasuwa, a 2003 kuma Smith & Wesson ya fitar da .500 Magnum. Abin lura a nan, doguwar samfurinta ta kai kusan kilo 2, wato an zagayo an dawo kan nauyin Walker.

Masu shiga dazukan Alaska, inda beyar ke iya far wa mutum cikin daƙiƙu, sun san inda gizo ke saƙar. Bindiga mai nauyi tana shanye shuri, amma bayan tafiyar wuni sai a cusa ta cikin jaka, inda hannu ba zai kai gare ta a kan lokaci ba. Mara nauyi, irin 329PD da ba ta kai kilo 1 ba, tana da daɗin ɗauka, amma takan azabtar da hannu har mai ita ya guji atisaye, ranar buƙata kuma ya ɓarar da harbi. Shi ya sa .44 Magnum mai matsakaicin bututu ta ci gaba da riƙe kasuwa duk da zuwan waɗanda suka fi ta ƙarfi.

Tun daga Walker har zuwa yau, babu maƙerin da ya ƙara ƙarfi ba tare da an biya da nauyi ko da shuri ba. Wanda ya zaɓi wadda zai iya ɗauka tun safe har magariba, ya kuma iya saita ta sau biyu a jere, shi tarihin nan ya fi ba gaskiya.

Sai mun haɗu mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.