Taba ko gado? Tarihin tambayar da sankarar kai da wuya ta tayar

A shekarar 1885, sankarar maƙogwaro ta yi ajalin Ulysses Grant, tsohon shugaban Amurka. Bayan shekara 3, sankarar akwatin murya ta kashe Sarkin Jamus Frederick na III, kwana 99 kacal da hawansa gadon mulki. Dukansu mashaya taba ne. Tun daga wancan zamani likitoci suke lura cewa sankarar baki, harshe da maƙogwaro ta fi kama maza, kuma bayanin ya yi kamar a fili yake: maza ne suka fi shan taba da barasa.

Bayanin gaskiya ne, amma bai cika ba. Ragowarsa ta fito daga ɗakunan binciken ƙwari. A 1905, Nettie Stevens ta gano a jikin wani ƙwaro cewa kuromosom, wato ƙunshin ƙwayoyin gado, shi ke bambanta namiji da mace. Haka abin yake ga ɗan Adam: mace tana da X biyu, namiji yana da X da Y. A 1910, Thomas Hunt Morgan ya nuna a jikin ƙuda mai farin ido cewa wasu halaye a kan X suke tafiya. A 1961 kuma Mary Lyon ta bayyana cewa a kowace ƙwayar halittar mace, X ɗaya yana yin barci.

Shi kuwa Y, an daɗe ana yi masa kallon kufai, wanda ba shi da aiki sai samar da ɗa namiji. Ko da aka ga yana ɓacewa daga ƙwayoyin jinin tsofaffi, an ɗauke shi alamar tsufa kamar furfura.

Wannan zato ya fara rushewa a 2014, lokacin da masu bincike a Jami'ar Uppsala ta Suwidin suka nuna cewa mazan da jininsu ya rasa Y sun fi saurin mutuwa, har da mutuwar sankara. A 2017, wata tawaga a Boston ta gano cewa wasu ƙwayoyin gado masu hana sankara, irin su KDM6A da DDX3X, ba sa barci a kan X na biyu. Ke nan mace tana da garkuwa biyu. Idan ɗaya ta tsage, ɗaya tana nan. Namiji ya dogara ne da takwarorinsu da ke kan Y, in akwai.

A 2019, masu bincike a Birmingham ta Ingila suka duba sankarar kai da wuya kai tsaye. Sun tarar kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarin da ke jikin maza ya rasa Y, kuma waɗannan majinyata ba sa daɗewa kamar sauran. Wannan alaƙa ce aka gani. Ita kaɗai ba ta tabbatar da sababi ba.

Sai dai kada mai karatu ya ɗauka an wanke taba. Tawagar Uppsala ɗin ta nuna cewa mashaya sigari sun fi rasa Y, kuma abin yana ƙaruwa da yawan sha, yayin da waɗanda suka daina suke kama da waɗanda ba su taɓa sha ba. Tsohon bayani da sabo sun haɗu ke nan: hayaƙin da ke ƙona maƙogwaro yana iya zama shi ne kuma yake cinye garkuwar da namiji ya gada daga mahaifinsa.