Tabarau ko Kulawa? Bitar Hujjoji kan Na'urar Kwaikwayon Zahiri a Jinyar Daɗaɗɗen Jiri, da Dacewarta ga Jere da Kafanchan

Tsakure

Maƙalar ta auna gwaje-gwajen da aka yi da na'urar kwaikwayon zahiri wajen horar da masu jirin da ya ƙi tafiya. Matsayinta shi ne amfanin yana cikin hoto mai motsi da ake ƙara wa majinyaci daki-daki a gaban mai kulawa. Tsadar na'urar ba ta ƙara komai da hujja ta tabbatar.

Gabatarwa

Tsayuwar mutum daram ta dogara ne da saƙon abu uku: kunnen ciki, ido, da jijiyoyin ƙafa da gaɓoɓi. Idan kunnen ciki ya samu rauni, ƙwaƙwalwa kan jingina da ido fiye da kima. Sai ka ga mutum lafiya lau a ɗaki, amma da ya tsaya bakin titin Abuja zuwa Kaduna a Jere, tireloli na giftawa, ko ya kutsa cunkoson kasuwar Kafanchan, ƙasa ta fara juya masa. Bronstein ya siffanta wannan yanayi a Landan a 1995. A 2017 Ƙungiyar Bárány ta fitar da ma'aunin jiri mai ɗorewa: alamun su kai wata uku ko fiye, kuma tsayuwa, motsi da kallon abubuwa masu motsi su riƙa tsananta su.

Waiwaye

Motsa jiki don magance jiri ya faro ne daga Cawthorne da Cooksey a Ingila cikin shekarun 1940. Bitar Cochrane ta 2015, mai gwaje-gwaje 39, ta tabbatar da amfaninsa ga masu raunin kunne ɗaya. A nan babu jayayya.

Jayayyarmu da masu ɗaukar tabarau na kwamfuta a matsayin sabon magani ce. Madogararsu ita ce aikin Micarelli da abokansa a Italiya (2017), inda waɗanda aka ƙara wa wasan tabarau a gida suka fi sauran samun sauƙi. Sai dai ƙari ne aka yi musu a kan atisayen da kowa ya samu, saboda haka sun fi sauran yawan lokacin horo. Ta yaya za a raba tasirin tabarau da na ƙarin mintuna? Bergeron da abokansa (2015) ma sun nuna cewa jimillar lokacin da aka shafe a cikin na'urar ita ce ta fi tafiya da sakamako. Inda kuwa aka gwada na'ura da atisayen da aka saba kafaɗa da kafaɗa, fifikon ya ɓace. Alahmari da abokansa (2014) a Pittsburgh sun sa majinyata zagaya kantin kwaikwayo, ba su ga ya fi atisayen da aka saba ba. Meldrum da abokanta (2015) a Dublin sun gwada wasan bidiyo na Wii Fit Plus kan mutum 71, sakamakon ya zo ɗaya, illa dai masu wasan sun fi jin daɗinsa.

Hanyar Bincike

An ɗauki gwaje-gwajen da suka kwatanta rukuni da rukuni kaɗai, aka yi wa kowanne tambaya guda: mene ne ainihin abin da ya bambanta tsakanin rukunan?

Sakamako da Tattaunawa

Gwajin da ya fi amsa tambayar shi ne na Pavlou, Bronstein da Davies (2013). Mutum 60 masu daɗaɗɗen jiri aka kasa gida uku na tsawon mako takwas. Rukunin farko ya yi horo a gaban babbar na'ura mai juya duk abin da ido ke gani. Na biyu ya kalli hotuna masu motsi a faifan DVD tare da likitan fisiyo. Na uku an ba shi faifan ya je gida. Jirin da kallo ke tayarwa ya ragu a duka ukun, kuma babbar na'urar ba ta yi wa faifan fintinkau ba. Bambancin ya fito a wani wuri dabam: kashi 55 cikin ɗari na 'yan gida sun watsar da horon, alhali kashi 10 ne kawai suka bari a kowane rukunin da ake kulawa.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Horon da gangan yake tayar da jiri kaɗan domin ƙwaƙwalwa ta saba. Wanda ba a yi wa bayani ba zai ɗauka ciwon ne ke ƙaruwa, ya daina. A yankin da galibi ake danganta jiri da ƙarancin jini ko hawan jini, a nemi maganin ƙarin jini a kemis, yana da wuya mutum ya jure atisayen da ke sa masa juwa in babu mai ce masa hanyar ke nan.

Ga Jere da ƙauyukan Kagarko, wannan na nufin kuɗin tabarau ya fi amfani in an kashe shi wajen horar da ma'aikatan asibitin sha-ka-tafi. Wayar hannu za ta ɗauki bidiyon kasuwa ko na tasha, a fara kallo a zaune, sannan a tsaye, sannan ana juya kai. Yardley da abokanta (2012) sun nuna cewa ko ɗan littafin atisaye yana taimakawa, kuma fassara shi zuwa Hausa ba aiki ne mai tsada ba. Tantance masu wuyar sha'ani kuwa aikin Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa ne a Kaduna.

Iyakokin Bincike

Za a ce gwaje-gwajen duk na Turai da Amurka ne, mutanensu kaɗan, kuma allon waya bai kai faɗin talabijin ba. Haka ne. Amma ƙarancin mutanen ya shafi hujjar masu tabarau kamar yadda ya shafi tamu. Dole kuma a fara auna jini da hawan jini, a tambayi tarihin allurar jentamaisin mai lalata kunnen ciki, a ware masu jirin juyin kwanciya, waɗanda dabarar Epley (1992) ke wa magani ba tare da wani bidiyo ba.