Formula 4 ta Italiya, kakar 2023: wanda ya ɗauki kambu da wanda ya isa Formula 1

Kakar 2023 ita ce ta goma a tarihin gasar Formula 4 ta Italiya, gasar tseren motoci masu kujera ɗaya da aka keɓe wa matasa. An buɗe ta a filin tsere na Imola a watan Afrilu, aka rufe a Vallelunga kusa da birnin Roma a watan Oktoba. Kacper Sztuka ɗan ƙasar Poland ne ya zama zakara. Ugo Ugochukwu, Ba'amurke wanda mahaifiyarsa 'yar Najeriya ce, ya zo na biyu, sai Arvid Lindblad ɗan Birtaniya na uku. Masu bin tseren motoci na yawan komawa kan wannan kaka, saboda yadda teburin maki ya juye a ƙarshenta, da kuma yadda makomar yaran uku ta saɓa wa matsayin da kowannensu ya samu.

Matsayin gasar

Formula 1 ce ƙololuwar tseren motoci a duniya, kuma ba a shigarta da ka. Yaro kan fara ne da 'yan ƙananan motocin kart, galibi tun yana ɗan shekara shida zuwa takwas. Idan ya cika 15 yana iya shiga Formula 4. Daga nan sai Formula Regional, sai Formula 3, sai Formula 2, wadda ita ce ƙofar ƙarshe. Hukumar tseren motoci ta duniya FIA ce ta tsara wannan tsani, kuma gasar Italiya ce ta farko da aka gudanar bisa ƙa'idojinta na Formula 4, a shekarar 2014. Hukumar ACI Sport da kamfanin WSK Promotion ke shirya ta.

Ƙasashe da dama na da tasu Formula 4, amma ta Italiya ce aka fi ji da ita. Zakaranta na farko shi ne Lance Stroll. Oliver Bearman ya ci a 2021, Andrea Kimi Antonelli a 2022, kuma dukansu uku sun kai Formula 1. A 2023 nauyinta ya ƙaru, domin gasar Jamus ta ADAC ta rufe bayan kakar 2022, sai ƙungiyoyin da ke raba ƙafa tsakanin ƙasashen biyu suka tattara ƙarfinsu a Italiya. A yawancin zagayen shekarar, motoci fiye da 30 ke jeruwa a layin tashi.

Abin da ake nema a nan ya wuce kofi. Kafin direba ya tuƙa motar Formula 1 sai ya mallaki lasisi na musamman, wanda ke bukatar maki 40 da aka tara cikin shekaru uku. Zakaran Formula 4 na samun 12, na biyu 10, na uku 7.

Motar da ƙa'idojin tsere

Kowa mota iri ɗaya yake tuƙawa. Kamfanin Tatuus na Italiya ne ke ƙera gangar jikinta, samfurin F4-T421 da aka fara amfani da shi a 2022. Injin na Abarth ne, mai lita 1.4 da turbo, ƙarfinsa kusan doki 180, tayoyin kuma na Pirelli. Motar ba ta da rufi, tayoyinta a waje suke, tana da fukafukai gaba da baya waɗanda iska ke dannawa domin ta manne da kwalta a kwana. Sama da kan direba akwai sandar ƙarfe ta kariya da ake kira halo. A miƙaƙƙen titi tana wuce kilomita 200 a sa'a ba tare da wahala ba, kuma wanda ke riƙe da sitiyarin sau da yawa bai isa karɓar lasisin tuƙin mota a garinsu ba.

A ƙa'ida kowane zagaye na da tsere uku a ƙarshen mako, kowanne minti 30 da ƙarin kewaye ɗaya. Gwajin gudu ne ke tantance wurin tashin kowa. Rabon maki irin na Formula 1 ne: 25 ga na ɗaya, 18 ga na biyu, 15 ga na uku, yana raguwa har maki 1 ga na goma. Na goma sha ɗaya ba ya samun komai, kuma a fili mai motoci sama da 30 hakan na nufin mafi yawan yaran hannu rabbana suke komawa gida.

Tunda mota ɗaya ce, mai karatu zai ɗauka ƙwarewar direba kaɗai ke raba gardama. Ba haka abin yake ba ɗari bisa ɗari. An yarda ƙungiya ta daidaita fukafukai, da iskar taya, da tsayin mota daga ƙasa, kuma a nan manyan ƙungiyoyi ke cin kasuwarsu: suna da injiniyoyi, suna da bayanan da suka tara shekara da shekaru a kowane fili, suna kuma da kuɗin kai yaransu gwaji kafin ranar tsere.

Yadda kakar ta gudana

Zagaye bakwai aka yi. Biyar a cikin Italiya, wato Imola, Misano, Monza, Mugello da Vallelunga, biyu a waje: Spa-Francorchamps a Beljiyam, fili mai tsawon kilomita 7, da Paul Ricard a kudancin Faransa.

Ƙungiyar Prema, wadda aka kafa a 1983 kuma take da mazauni kusa da Vicenza, ita ta shigo da jerin direbobin da ya fi ɗaukar ido. Tana da Ugochukwu daga makarantar matasa ta McLaren, da Lindblad daga ta Red Bull, da James Wharton da Tuukka Taponen daga ta Ferrari, ga kuma Rashid Al Dhaheri na Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. Babbar abokiyar hamayyarta ita ce US Racing ta Jamus, ta Gerhard Ungar da Ralf Schumacher, ƙanin Michael Schumacher. A can Sztuka yake. Ba baƙo ba ne a gasar, ya riga ya yi kakar 2022 da wannan ƙungiya, kuma ya shigo 2023 ba tare da wata makarantar Formula 1 a bayansa ba, sai dai kofin gasar hunturu ta Formula Winter Series da ya ci a Sifaniya a farkon shekarar.

Rabin farko na Lindblad ne. Yaron da bai cika 16 ba sai a watan Agusta ya riƙa cin tsere tun daga bazara, kuma a Monza, cikin watan Yuni, ya cinye duka ukun. Cin tsere uku a jere a Monza ba ƙaramin abu ba ne, domin filin dogayen miƙaƙƙun tituna ne, inda motar baya ke fakewa a bayan ta gaba, ta tsira daga turjiyar iska, ta samu ƙarin gudu ta wuce. Wanda ke gaba a nan shi ne abin farauta. Bayan Monza tazararsa a tebur ta yi faɗin da mutane da yawa suka ɗauka zance ya ƙare.

Sai al'amura suka juya. Daga zagayen Paul Ricard a watan Yuli zuwa ƙarshe, Sztuka ne ya ci mafi yawan tseren da suka rage, motocin US Racing suka kama gudu, makin Lindblad kuwa suka ƙafe a Mugello da Vallelunga. Sztuka ya tabbatar da kambunsa a zagayen ƙarshe. Ugochukwu, wanda bai yi tashe irin na ɗayansu ba amma ya riƙa tsintar maki tun daga Afrilu har Oktoba, ya tsallake abokin ƙungiyarsa ya zauna a na biyu. Prema ta tsira da kambun ƙungiyoyi.

A gefen wannan gasa an yi wata ƙarama mai suna Euro 4, karon farko a wannan shekarar, da motoci iri ɗaya da kusan direbobi ɗaya, zagaye uku a Mugello, Monza da Barcelona. Ugochukwu ne ya cinye ta.

Ugo Ugochukwu

An haife shi a birnin New York ranar 23 ga Afrilu, 2007. Mahaifiyarsa Oluchi Onweagba ta tashi a Legas, ta yi suna a duniyar tallan tufafi bayan ta lashe gasar Face of Africa a 1998. Mahaifinsa Luca Orlandi ɗan Italiya ne, mai zanen tufafi. Da tutar Amurka yake tsere, amma sunansa na Ibo ne, kuma wannan ya sa jaridun Najeriya ke bin labarinsa.

Ya ci gasar kart ta Turai ta ajin ƙanana a 2020. A 2021 McLaren ta ƙulla yarjejeniya da shi yana ɗan shekara 13. Ya shiga Formula 4 ta Birtaniya a 2022 da ƙungiyar Carlin ya zo na uku, ya kuma sake zuwa na uku a gasar Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa a farkon 2023, kafin ya wuce Italiya. Dogo ne ƙwarai, kuma tsayi ba alheri ba ne a wannan sana'a, tunda mazaunin direba matsattse ne kuma kowane kilo na jiki ana jin sa a agogo.

Hanyar da ya biyo ta cancanci a lura da ita. Jininsa na Najeriya ne, amma tun daga kart har Formula 4 babu matakin da ya taka a Afirka. Rabon nahiyar da karɓar tseren Formula 1 tun 1993, a filin Kyalami na Afirka ta Kudu. Ga Hausawan Sudan, na Jabal Awliya da Omdurman da Mai Wurno, wurin da wannan tsani ya fi matsowa kusa da su shi ne Jidda, a ɗaya gaɓar Bahar Maliya, inda ake tseren Formula 1 da Formula 2 tun 2021. Tashar da kakanninsu suka yi tattaki dominta a kan hanyar aikin hajji ke nan. A watan da aka buɗe kakar a Imola kuwa, ranar 15 ga Afrilu, 2023, yaƙi ya ɓarke a Khartoum.

Batun kuɗi

A Formula 4 ba a biyan direba albashi, shi ne ke biyan ƙungiya. Kaka ɗaya a babbar ƙungiya na cin dubban ɗaruruwan Yuro, ban da kuɗin gyara idan yaro ya yi karo, kuma 'yan shekara 15 na yawan yin karo. Domin mai karatu a Maraɗi ko Damagaram ya auna, Yuro ɗaya na daidai da CFA 655.957 a farashin da aka tsayar, wato kowane Yuro dubu 100 ya haura CFA miliyan 65. Kafin a kai nan ma iyaye sun riga sun kashe kuɗin shekaru bakwai ko takwas na kart a Turai. Makarantun ƙungiyoyin Formula 1 na ɗaukar wani ɓangare na nauyin, suna ba da horo da na'urar kwaikwayon tuƙi, amma suna ɗaukar yaro ne bayan ya nuna kansa a kart, kuma suna sakinsa duk lokacin da suka ga dama.

Faransa ta bi wata hanya daban. A gasarta ta Formula 4 babu ƙungiyoyi masu zaman kansu. Makarantar FFSA Academy da ke Le Mans ce ke riƙe da dukan motocin, ƙirar kamfanin Mygale, ita ke shirya su da makanikanta, wanda hakan ke rage tsada ya kuma rage fifikon mai kuɗi. Ta nan Pierre Gasly ya bi, haka ma Isack Hadjar, Bafaranshe ɗan asalin Aljeriya, wanda ya yi kakar 2019 da ta 2020 a can. Duk da haka makarantun Formula 1 sun fi tura yaransu Italiya, inda gogayya ta fi zafi kuma filayen suka haɗa da waɗanda manyan ke tsere a kai.

Inda kowa ya nufa

Sztuka ya samu ladan kambunsa nan take: Red Bull ta ɗauke shi a makarantarta, ya tsallake Formula Regional ya shiga Formula 3 a 2024 da ƙungiyar MP Motorsport. Sakamako bai zo yadda ake so ba, kuma kafin kakar ta ƙare Red Bull ta sallame shi. Wannan makaranta ta daɗe da yin suna wajen rashin haƙuri, amma ko a ma'auninta, 'yan watanni sun yi kaɗan a auna yaron da ya tsallake mataki guda.

Ugochukwu ya bi tsanin daki-daki. Ya yi Formula Regional ta Turai da Prema a 2024, kakar da ba ta yi masa daɗi sosai ba, sai a watan Nuwamba ya lashe babban tseren Macau da ƙungiyar R-ace GP ta Faransa. Tsere ne na cikin gari, tsakanin katangu, wanda Ayrton Senna ya ci a 1983 da Michael Schumacher a 1990, kuma rabon Ba'amurke da cin sa tun Bob Earl a 1981. Ya shiga Formula 3 a 2025, a ƙarshen shekarar kuma suka rabu da McLaren.

Lindblad, wanda kambun ya suɓuce masa, shi ya fi kowa sauri. Red Bull ba ta ɗaga ido kan faɗuwarsa a Mugello da Vallelunga ba. Ya ci tseren Formula 4 na Macau a watan Nuwamban 2023, ya shiga Formula 3 a 2024 ya zo na huɗu da nasara huɗu, biyu daga ciki a Silverstone cikin ƙarshen mako ɗaya. A 2025 ya koma Formula 2 da ƙungiyar Campos, kuma a Jidda ya ci tserensa na farko yana ɗan shekara 17, mafi ƙarancin shekaru da aka taɓa cin tsere a gasar. A watan Disamban 2025 aka sanar da shi a matsayin direban ƙungiyar Racing Bulls a Formula 1 na kakar 2026, a kujerar da Isack Hadjar ya bari bayan an ɗaga shi zuwa babbar ƙungiyar Red Bull.